Ranar da Kika Bar Ni da Ƙarfen Solda

Zuwa ga Tayyiba, sanyin idona, ruwan randata, inuwar da nake fakewa idan ranar Gumel ta take tsaka, kyautar da Allah Ya yi mini ba don na cancanta ba. Ina yi miki sallama, ina gaida Inna da Baffa, da wannan baƙon da bai iso duniya ba amma har ya ƙwace mini ke ya kai ki Sule Tankarkar goyon ciki.

Abdulganiyu direba, ɗan kawunki, shi zai miƙo miki takardar nan. Don Allah kada ki bari ya juya sai kin yafa mayafi kin leƙa motarsa. Agogonmu yana nan a gefen sitiyari, jajayen lambobinsa suna ci kamar garwashi. Ko ya kwana da kan batir a cire, yadda ya saba, da ya mayar sai agogon ya ɗan yi jim, ya lalubo taurarin ɗan'adam, ya kamo lokaci da kansa. Ya ce ranar kasuwar Maigatari fasinjoji sun daina yi masa gardamar ko la'asar ta yi. Sai fankama yake a tasha, kai ka ce shi ya ƙera.

Kin tuna halin da nake ciki kafin agogon nan? Tun da babur ya kayar da ni a hanyar Gagarawa, ƙashi ya ɗoru, amma hannun dama ya ƙi daina rawa. Ni da na tashi a gyaran rediyo da waya, sai ga shi cokali ma sai da dabara. Na rufe shago, na zuba kayan aiki a buhu, na yi wa wani mai gyara alkawarin ya zo ya kwashe. Kowa ya ce in yi haƙuri, ke kaɗai kika ce in yi aiki. Kika karɓi aikin agogon a bakin ɗan'uwanki ko shawara ba ki yi da ni ba, kika ce ni in kawo kai, ke ki kawo hannu. Na yi fushi, na wuni ban ci abinci ba, ko a jikinki.

Wayyo, hantsin nan da muka riƙa yi a gindin darbejiya! Yatsunki masu lalle riƙe da ƙarfen solda na narka dalma a liƙa wayoyi, ni kuma ina nuna miki da tsinken tsintsiya inda dalma za ta sauka. Hayaƙi yana sa ki tari, kina cewa warinsa ya fi na daddawa. Kika ƙone babban yatsa, kika tsotse, kika ci gaba. Muka haɗa ƙaramin allon lantarkin agogon da na'urar da ke sauraron sama, wadda ba ta fi kwalin ashana ba, muka rage wa wutar mota ƙarfi don kada ta babbake su, muka fafe robar sabulunki muka yi musu gida. Ina kallon allon, amma wallahi rabin hankalina yana kan girarki da ta haɗe.

Sai ranar da ya rage waya ɗaya tak. Ƙarfe ya yi zafi, dalma ta fara narkewa, kwatsam kika zabura kika ce tukunya tana ƙonewa, kika danƙa mini ƙarfen a hannun dama kika shige madafa. Na kira ki, shiru. In na saki, aikin ya lalace. In na daɗe, allon ya ƙone. Na dafe gwiwar hannu a kan turmi, na riƙe numfashi, na yi bismillah. Likin ya fito da ƙaton kai kamar kaska, mummuna, irin wanda a da kunya ba za ta bar ni in nuna wa kowa ba. Amma ya kama. Muka jona batir a tsakar gida, muka jira, lambobi suka fito.

Ga abin da ban gaya miki ba. Da kika tafi alwala na leƙa madafar. Murhu a sanyaye yake, Tayyiba, ko toka mai ɗumi babu, tukunyar kuma tana kife a kan dutse. Na tsaya a wurin na yi kuka son raina.

Da wane baki zan gode miki? Wace mace ce za ta ga mijinta ya karaya, ta ƙi tausaya masa a fuska, ta je ta laɓe a bayan zana? Gidan nan ya yi mini faɗi da ba kya ciki. Ina kewarki, ina kewar tsiwarki. Allah Ya sauke ki lafiya, ki dawo mini da wuri.

Jiya mai gyaran nan ya zo kwasar kaya, na ba shi haƙuri, ya koma da buhunsa a naɗe. Yau da safe na share shago na buɗe. Hannun bai daina rawa ba, ga layukan nan kina gani sun karkace. Abdulganiyu ya ce in kawo ya rubuta mini, na ƙi. Da hannun dama na rubuto miki, tun daga sunanki har zuwa nan.

Naki ke kaɗai, yau da gobe, har ranar da numfashi zai ƙare,

Siddiq