Kwalabe Arba'in a Ɗakin Kawu Mati

Litinin, 6 ga Maris, 1989
Garin Wara. Kwalba ta arba'in ta cika yau, alhamdu lillahi. Tsokar giwan ruwa da ta karfasa, kowace a cikin barasar ɗakin gwaji: wata mai ƙarfi, wata an sirka da ruwa. Abin da zan auna a jami'a, wane ƙarfi ne ke riƙe DNA, zaren gadon nan mai igiya biyu, ba tare da igiyoyin sun rabu ba. Digirina kacokan yana cikin kwalin nan. Malamina ya ce in kai su ƙarshen wata, in ba haka ba sai baɗi.

Na bar su ɗakin Kawu Mati, ya fi namu sanyi. Ya tambayi mene ne ruwan. Na ce magani ne. Ni Asama'u, in dubi ladanin unguwa in ce barasa?

Alhamis, 9 ga Maris
Na dawo Yelwa. Zafi. Ina ta tunanin murafen kwalaben nan, ko na ɗaure su sosai.

Talata, 14 ga Maris
Hauwa matar Kawu ta aiko wai in zo. Ba ta faɗi dalili ba. Ban iya cin tuwo ba.

Laraba, 15 ga Maris
Ashe kwalba ɗaya ta tsiyaye, Kawu ya ji wari. Duk ya tuttular da su bayan gida, ya wanke ɗakin.

"Ɗiyata, sun cuce ki. Giya ta suka ba ki, ba magani ba."

Sai ya miƙo mini ƙunshin takarda, yana murna. Ya jera tsokokin a kan wayar banda, kwana biyu kan wuta, kowace da lambarta a gefe don kada su cakuɗe. "Ko shekara suka yi, ba su ruɓewa."

Wuta! Ruwan zafi kaɗai raba igiyoyin yake yi, balle kwana biyu cikin hayaƙi. Kuma ba tare da barasar ba, me zan kwatanta? Na ce na gode. Sai da kwalekwale ya bar gaɓa na yi kukana.

Asabar, 18 ga Maris
Na rubuta wa malamina wasiƙa. Sau uku ina rubuta "jahilcin mutanenmu" ina yagawa. Mutumin da bai iya boko ba ya kwafe lambobi arba'in da gawayi, ko ɗaya bai kuskure ba.

Ta huɗun gajera ce: an tambaye ni, na yi ƙarya. Sai baɗi.