Rijiyoyin Bayan Masana'anta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar Inna?

Na san injinan masana'antarku sun cinye maka kunne, ba ka jin waya, ni kuma ba na son rubuta wannan a wayar da ofis suka ba ni. Shi ya sa ka ga takarda.

Wata biyu da suka wuce aka aiko mana nan ɗakin gwaje-gwaje da ruwan rijiyoyi bakwai na unguwar da ke bayan masana'antar batir ɗinku, saboda yara suna ta suma a can. Ni na gwada. Yaya, gubar dalmar da na gani ta sa na ɗauka na'urar ce ta lalace. Na wanke komai na sake, sau uku, amsa ɗaya.

Na kai wa Darakta. Ya sa aka kawo min shayi, abin da bai taɓa yi ba a shekara shida. Ya ce, "'Yata, kin gaji ne. Bar min, zan duba."

Jiya na ga rahoton ya fita. Wai ruwan lafiya lau yake, kuma ga sa hannuna a ƙasa. Tun da na fara aiki yake sa mu sa hannu a fararen takardun rahoto, wai don kada aiki ya tsaya idan mutum ya tafi hutu. Ban taɓa tambaya ba.

Kai ne babban mai walda a wurin. Ina ruwan wankin batir ɗin yake zuba?

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, bakin ne dai ba sauƙi, jiya ma sai da ta yi wa mai gyaran famfo wa'azin awa guda.

Ke kam tun kina ƙarama haka kike, ko alawa aka ba ki sai kin tambayi wanda ya yi ta. Malama, takarda ta riga ta fita, ba ke kika rubuta ba, Allah ya gani. Ki ja bakinki ki yi shiru. Manya sun fi mu sanin abin da suke yi.

Ki tuna gidan da muke ciki na kamfani ne, har ɗakin Inna. Saura min shekara huɗu in ajiye aiki. Kada ki tsokano mana abin da ya fi ƙarfinmu.

Antinki ta ce kin yi watsi da mu. Ki zo ƙarshen wata.

Na gaishe ki.
Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu ina neman amsar tambayata, ban gani ba.

Ranar Asabar na je unguwar. An liƙa kwafin rahoton a jikin kowace rijiya, an rufe da leda saboda ruwan sama. Na tarar da wata mata tana ɗiba, tela ce, shagonta na kallon rijiyar. Ta ga katin aiki a wuyana, ta dubi takardar, ta ce, "Ke ce kika sa hannu?" Na ce ni ce. Sai ta kama hannuna da nata jiƙaƙƙe ta ce, "Allah ya saka miki da alheri. Da mun daina sha, muna saye da tsada. Yanzu hankalinmu ya kwanta."

Ta ja ni cikin shagon in ga 'yarta. Shekararta huɗu, tana kwance a kan tarin yadi. Da tana surutu kamar rediyo, in ji uwar, yanzu ko sunanta aka kira ba ta juyowa. Suna tsammanin zazzaɓi ne ya taɓa mata kai. Ina tsaye uwar ta ɗebo ruwan a kofi ta ba ta. Yaya, ban hana ta ba. Na yi musu sannu na fito.

Littafin da na rubuta ainihin sakamakon yana wurina. Na nuna wa wata lauya, ƙawata ce tun makaranta. Ta ce hujja ce mai ƙarfi, amma in sani, ranar da maganar ta fito mutum biyu za a fara kamawa: wanda ya sa hannu a rahoton, da wanda ya haɗa bututun da ke zubar da ruwan. Darakta da Manajan masana'antarku ba su da suna a ko'ina.

Don Allah ka gaya min ba kai ba ne.

Ka gaida min Inna, amma kada ka nuna mata wannan.
Auta

*

Auta,

Salama. Yau ba wasa a bakina.

Ni ne. Shekara uku ke nan. Injin tace ruwan ya lalace, aka ce gyaransa sai an rufe masana'anta wata biyu. Manaja ya kira ni ya ce in karkata bututun zuwa kwalbatin baya, na mako ɗaya kawai. Na yi, na yi shi da kyau kuwa, ko ɗigo ba ya yi. Mako ɗayan ne har yau. Duk safiya ta gefensa nake wucewa, na koya wa wuyana kallon ɗaya ɓangaren.

Shekaranjiya Manaja ya kira ni ofis. Ya fito da takardar aikin, sunana ne kaɗai a kai, an rubuta wai ni na ba da shawara. Bai yi faɗa ba. Ya rubuta min a 'yar takarda, tunda ya san ba na ji: "Ya ƙanwarka? An ce ta zo unguwa." Sai ya tambayi lafiyar Inna.

Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Idan kin kai littafin, ni da ke za mu tafi, Inna da yara biyar su koma titi, kamfani kuma ya nemo wani mai waldar. Idan kin bari, yarinyar nan ba ita ce ta ƙarshe ba. Kwana uku ina juya shi, ban ga ƙofa ba.

Ki yafe min. Ni ya kamata in zama mai tsare ki.

Yayanki

*

Zuwa ga Jami'ar Gwajin Ruwa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina farin cikin sanar da ke cewa, bisa ƙwazonki da riƙon amanarki, hukuma ta ɗaga ki zuwa matsayin Shugabar Ɗakin Gwaje-gwaje daga ranar Litinin mai zuwa.

Daga yanzu duk rahoton da ya shafi masana'antu ke kaɗai za ki tabbatar da shi. Na wannan zangon yana jiran sa hannunki a ranar da kika kama aiki. Haka kuma ana buƙatar ki miƙa duk tsofaffin littattafan sakamako ga ofishina domin adanawa.

Ina taya ki murna, ke da iyalinki baki ɗaya.

Naki a aiki,
Darakta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yafe maka, ni ma ka roƙa min.

Jiya na koma wurin telar, na gaya mata kada su ƙara sha. Ta dube ni ta ce, "To wanne za mu sha?"

Daga sabon ofis nake rubuto maka. Rahoton yana gabana tun ƙarfe takwas. Masinjan Darakta ya leƙo sau uku. A na ukun na ce masa birona ya ƙare. Ya fita, ya dawo min da sababbi guda biyu, yana tsaye a bakin ƙofa.

Ka rungume min Inna.
Auta