Raunin da Ka Hana Likita Ya Gani

Zuwa ga mahaifina, Kaporal Mamman.

Assalamu alaikum, Baba. Ina durƙusawa in gaishe ka kamar yadda ka koya mana, tare da fatan Allah ya yalwata maka makwancinka. Ɗiyarka ce Hajo.

Yau na fi ka shekaru sa'ad da ka bar mu, amma maganar nan ta ƙi barina in zauna. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in na ɗora tukunya sai in manta da ita. Don haka yau dole ka saurare ni. Ba halin ka juya mini kurman kunnenka kamar yadda ka saba yi wa Inna.

Ka tuna shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya cinye ƙasa. Ƙanenka Baba Sule ya sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, a Yamai da mata da yara, tun daga Tahoua, ko akuya guda ba su tsira da ita ba. Tsakar gidanmu ta cika da tabarmi. Pansiyonka na tsohon soja kuwa kafin a juya ya ƙare. Abu guda ya rage mana, garkarka ta Gudel a bakin kogi, mai salati da albasa. Wani ɗan kasuwa ya fara zarya yana taya ta.

Ana cikin haka aka kira ka gaban likitan soja ya sake auna raunukanka. In kason rauni da za a rubuta maka ya hau, pansiyon ya hau, garka ta tsira. Kowa a gidan ya san haka, har yara.

Rauni uku ka kwaso daga yaƙin Nasara. Kunnen hagu da igwa ta kashe. Yatsu biyu da babu a hannun dama. Sai babban, ƙarfen da ya shige maka ƙugu ya zauna. Lokacin da aka sallame ka ya rufe, ba a rubuta shi ba, daga baya ya buɗe yana tsatsar ruwa. Inna kaɗai ke wanke shi. Mu warin magani kawai muke ji, mu yi kamar ba mu ji ba.

Likitan Bature ne, Faransancinka kuma na bariki ne, ga kunne. Sai aka haɗa ka da Malam, maigidana, tunda malamin lakwal ne mai koyar da boko, ya yi maka tafinta. Aurenmu ko shekara bai yi ba. Bai san da maganar ƙugu ba, don wa zai faɗa wa suruki irin wannan?

Shi ya ba ni labarin abin da ya faru. An duba kunne, an duba hannu. Likita ya ce ka kwance wando a ga sauran jiki. Ka dubi Malam sau ɗaya, ka ƙara ɗaure tazuge, ka ƙame kamar ana fareti, ka ce ba komai a can. Shi kuma bawan Allah ya fassara yadda ka faɗa.

Haba Baba! Haba!

Da sakamako ya fito, kai ka fara faɗa. An ba kunne talatin cikin ɗari, yatsu ashirin, amma jimla ta zo arba'in da huɗu. Ka ce ko jariri ya san talatin da ashirin hamsin ne. Malam ya zauna can nesa da tabarmarka, kansa a ƙasa, ya warware maka. Suna ɗaukar mutum ɗari ne cif. In an cire talatin na kunne, saura saba'in. Ashirin na yatsu kuma ba daga ɗarin ake cire shi ba, daga saba'in ɗin ne, sai ya dawo sha huɗu. Sai ka ce, "Ashe mahauci ne, daga abin da ya rage yake yanka."

Mun yi dariya, amma Inna ba ta yi ba. Ta riga ta tambayi matan tsofaffin soja, ta san babban rauni ake fara lissafawa. Da an ga ƙugunka, shi zai ɗauki kaso mafi tsoka, sauran su bi baya, jimlar ta yi sama sosai. Ta ce maka, "Kunya za mu dafa wa yaran nan?" Ka ce ba ka kwance wando gaban mijin ɗiyarka ba ko da Yamai duka za a ba ka.

Ka nemi a sake duba ka. Aka ce ka jira, sai takardu sun ƙetare teku sun dawo. Yunwa ba ta jira ba. Ka sayar da garka, ka sayi hatsi, kuma ban manta ba, ko yaro guda na Baba Sule ba mu binne ba.

Abin da ban iya haɗiyewa shi ne komawarka garkar nan ɗan ƙwadago. Garwa biyu a kafaɗa, daga kogi zuwa fangali, a kan wannan ƙugun. In an yi maka magana ka ce albasar ta saba da hannunka. Haka ka yi ta yi har ka kwanta, takardun ba su dawo ba.

Ranar da ka rasu Malam ne ya zuba wa liman ruwan wankanka. A nan ya ga ƙugun, ya fito ya jingina da bango. Cewa ya yi, "Da ya ce in fita, ai da na fita."

Ni ma tambayar da na yi ta yi ke nan. Me ya hana ka ce ya jira a waje? Sai da na yi surukai nawa na kaina na gane. Ce masa ya fita ma faɗa masa ne.

Na gane, Baba, amma ban huce ba. Ina jin haushinka, ina kuma kewarka, duka biyun ba wanda ya ragu.

Allah ya suturta ka kamar yadda ka suturta kanka. Allah ya gafarta maka, ya haɗa ka da Inna a inuwar rahama. Malam ma ya bi ku bara. Bai daina cewa bakinsa ne ya faɗa wa likita ba komai ba. In kun haɗu a can, don Allah Baba, ka saki jiki da shi.

Ɗiyarka mai yi maka addu'a,
Hajo