Na Kasa Ba 'Yata Maganin da Na Ba Ubanta

Anti Kubra, assalamu alaikum. Don Allah ki gaya mini abin da zan yi. Ko faɗa ne ki yi mini, watakila ya shige ni, don kwanan nan ba abin da ke shiga ta. Kada ki sa sunana. Ina wani ƙauye a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, kuma ina cikin takaba, yau kwana hamsin da biyu.

Mijina Sammani manomin rani ne, tumatir da albasa, da damina kuma shinkafa. Wajen yankan shinkafa ya fara tari, muka ce ƙaiƙayi ne. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka gwada kakinsa a asibiti, aka ce tarin tibi ne. Malamin asibitin ya tambayi wa ya iya karatu a gidan, aka nuna ni, don na yi aji uku a sakandare. Ya ba ni magani da kati, ya ce kullum da safe kafin ya karya in ba shi da hannuna, in ja layi a katin. Sau uku yana maimaita mini cewa ko kwana ɗaya aka tsallake cutar za ta yi taurin kai. Ya kuma ce fitsarinsa zai yi ja, kada mu tsorata. Ko ya yi maganar ido, wallahi ban ji ba, layi ne a bayanmu har bakin ƙofa. Ni dai waɗannan biyun na riƙe.

Kuma ni mutum ce mai riƙe magana. Ranar da aka sako ruwa ɓangarenmu yakan yi sammakon ban ruwa, sai in bi shi gona har bakin kwami, wato fangalin shuka, da maganin da kofin ruwa a hannu. Yana dariya yana cewa gwamnati ta naɗa masa 'yar sanda a gida. Tarin ya yi sauƙi, har ya fara maida jiki.

A sati na biyar ya daina cin abinci. Ƙamshin miya ma tayar masa da zuciya yake, ga ciwo a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Fitsarin ya koma kamar shayin da ba madara, na ce ai an faɗa mana. Sai idonsa ya yi ɗorawa. Inna, mahaifiyarsa, ta fito da shi rana ta duba, ta ce ciwon shawara ne. To a nan wajenmu kowa ya san ba a kai mai shawara asibiti, wai da an yi masa allura shi ke nan. Ni ma da haka na tashi, ba zan ɗora mata ita kaɗai ba. Ta samo saiwar rawaya tana dafa masa. Ya zama da sassafe ni da ƙwayoyina, da hantsi Inna da jiƙonta, kowacce tana aikinta tsakani da Allah. Na ce in ranar karɓo magani ta zo zan faɗa musu. Lokacin ɗiban tumatir ne kuma, motocin 'yan gwari masu sayen tumatir na jira a bakin titi, sau biyu ma ya lallaɓa gonar ya kwanta a gindin mangwaro yana kallon masu ɗiba.

Kwana goma sha biyu muka yi a haka. Ranar da ya kira ni da sunan ƙanwarsa yana ta surutai, yayansa Mudassiru ya ce ba zai ƙara sauraron kowa ba, ya ɗauko mota muka tafi asibiti a Kano. Likitar ta tambaye ni yaushe idon ya canza, kuma ko an tsayar da maganin. Na ciro katin na miƙa mata da hannu biyu, ba gurbi ko ɗaya, ni a ganina abin yabo na kawo. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce hantarsa ce ta lalace, maganin yakan yi wa wasu haka, kuma tun ranar da idon ya canza ya kamata a dakatar. Kwanansa huɗu a can Allah ya karɓi abinsa.

Ban yi kuka ba, Anti, har yau. Masu zuwa gaisuwa suna yaba tawakkalina, ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Ina shara, ina tuwo, ina amsa gaisuwa. Rannan garwashi ya ƙona ni a yatsa, sai da na ga tabon na tuna.

Ga abin da ya sa na rubuto. 'Yarmu Murja, shekararta tara, ita ma ta fara tari. Ma'aikatan lafiya sun zo sun duba mutanen gidan, aka same ta da shi. Yaya Mudassiru ya karɓo maganinta da kati ya damƙa mini, tunda ni ce aka sani da riƙon magani. Yau kwana goma sha shida yana cikin kwalla a ƙarƙashin gado, ko ƙwaya ɗaya ban ba ta ba. Kullum da safe ina zama a gabansa, hannuna ya kai kan murfin ya dawo. Sai in ɗauki biro in ja layi a katin. In Yaya Mudassiru ya tambaya in nuna masa, ya sa mini albarka ya tafi. Ita Murja sau ɗaya ta tambaye ni, na ce sai ta ƙara ƙwari, ba ta sake ba. Ta daina zuwa Islamiyya, zaninta yanzu sau biyu yake zagaye ta.

Na san tarin nan yana kisa. Na kuma gani da idona abin da maganin ya yi. Da tsoro nake ji ma da sauƙi, ni ba na jin komai, kallonta kawai nake yi. Anti, ni na kashe Sammani? Yaya zan yi da yarinyar nan?

Mai takaba, daga bakin kanal.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Sammani, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara.

Ba ke kika kashe shi ba. An ba ki rabin bayani kika riƙe shi da gaskiya, ɗaya rabin ko dai ba a faɗa ba ko an faɗa cikin sauri. Wannan gyara ne da ke wuyan masu ba da magani, kuma ina fata suna karantawa. Inna ma ɗanta take so, abin da ta gada ta yi. Amma maganar cewa asibiti na kashe mai shawara ba gaskiya ba ce. Ana kai mutum ne bayan hanta ta gama lalacewa, in ya rasu a ce allura ce.

Tsoron maganin yana da tushe, ba zan ce miki babu ba. Na tambayi wata likita kafin in ba ki amsa. Ta ce yakan taɓa hantar wasu, amma kaɗan ne, a yara kuma ya fi ƙaranci, sannan yana ba da alama kafin ya yi ɓarna: ƙin abinci, tashin zuciya ko amai, ciwon ciki ta dama, ido ya yi ɗorawa. In aka ga haka a dakata da maganin a koma asibiti a ranar, ba sai ranar karɓa ba, kuma yawanci hantar tana farfaɗowa. Shi kuwa tarin, in aka bar shi a jikin yarinya, ba ya tsayawa a ƙirji kawai, yana iya hawa har ƙwaƙwalwa.

Yanzu ga faɗan da kika nema. Layin da kike ja a katin nan ya fi komai haɗari, domin ya rufe idon duk wanda zai iya cetonta. Ki daina daga yau. Ki kira Mudassiru ki gaya masa gaskiya. Zai ji zafi, amma mutumin da ya ɗauko mota ranar da kowa ke cewa a bari ba zai juya miki baya ba. Gobe da safe ku kai Murja asibiti da maganin da katin, ki faɗa musu ba ta sha ko ɗaya ba, ki kuma faɗi yadda ubanta ya rasu. Ki roƙi a gwada jininta a ga lafiyar hantarta kafin ta fara da kuma bayan ta fara. Takaba ba ta hana ki kai 'yarki asibiti da rana, tambayi duk malamin da kika yarda da shi. Kada a haɗa mata da jiƙo ko wata ƙwayar kemis sai da saninsu, wannan kuma Mudassiru ne zai faɗa wa Inna, ba ke ba.

In hannunki ya ƙi, ba dole sai ke ba. A ba Mudassiru ko matarsa riƙon maganin, ke ki zama mai duba idonta a hasken rana kowace safiya. Duk garinku ba wanda ya san alamun nan kamar ke.

Rashin jin komai da kike yi shi ma baƙin ciki ne, wani haka yake zuwar masa. Ki faɗa wa likitan, ki kuma samu mace ɗaya da za ki riƙa buɗe wa cikinki. Amma kada ki jira sai zuciyarki ta dawo kafin ki tashi. Murja ba za ta sake tambayarki ba, ta yarda da abin da kika gaya mata, tana jira ne kawai.

Allah ya ba ta lafiya, ya raya miki ita, ke kuma ya sanyaya miki.

Anti Kubra