Ƙuri'ar Jawahir

Hindawiyya, Makka
10 ga Agusta, 2014

Zuwa ga 'yata Jawahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin Aberdeen? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar mahaifiyarki da kika sani. Da gangan na rubuto da Hausa, domin a waya kina ja na zuwa Larabci, a can kuwa kin fi ni baki.

Mahaifiyarki ta gaya mini wai kin kai sunanki an rubuta cikin masu jefa ƙuri'ar raba Scotland da Birtaniya, wai duk mai fasfon Nijeriya da ke zaune a can yana da wannan dama. Tun da na ji ban ci abincin kirki ba. Ke da aka haifa a unguwar Nakkasa nan Makka, wa ya koya miki kai kanki gaban hukuma ba a kira ki ba? Shekarata arba'in da ɗaya a garin nan, iƙamata, takardar zamana, ba ta taɓa samun tabo ba, don ban taɓa sa baki a abin da ya wuce shagon maigidana Hamad ba. Baƙo raɓa ne, haka muka taso muka ji, haka kuma muka zauna lafiya.

Ni na san raba ƙasa. Ina ɗan shekara sha ɗaya a Kano aka yi ta ihun a raba, na ga abin da ya biyo baya, har yau ba na son tunawa. Mutanen da ke da man fetur a teku, wa zai bar su su tafi da shi salin-alin? Ki je a goge sunanki. Ki sayi shinkafa da mai ki ajiye, in kin ga sojoji a titi ki hau jirgi ki dawo, digiri bai kai rai ba.

Mahaifiyarki na gaishe ki. Allah ya tsare.

Babanki,
Mukhtaru

Hindawiyya, Makka
12 ga Satumba, 2014

Jawahir 'yar albarka,

Sallama da gaisuwa. Da fatan tarin nan ya sake ki. Amsarki ta iso, na ga kin yi mini dariya a kan shinkafa. Yi abinki, na cancanta.

Alhazai sun fara cika unguwar Aziziyya, amma tsakanin mai sayen harami da mai sayen takalmi idona na kan talabijin ɗin shago, har Hamad ya fara kira na wakilin Scotland. Wallahi mutanen nan sun burge ni. Wata guda ina jiran ƙarar bindiga, sai gardamar kuɗi nake ji. Masu son a raba sun ce fam nasu ne su ma, London ta ce in kun tafi ku nemi naku. An ce bankuna za su kwashe manyan ofisoshinsu su koma kudu. Wasu sun ce man teku zai riƙe ƙasar, wasu sun ce rijiyar ta kusa ƙafewa. Na ga wata tsohuwa ta miƙe a zauren taro ta tambayi wani babba wa zai biya ta fansho in an raba. Ya tsaya yana ba ta amsa yana share gumi, ta ce ba ta gamsu ba, ta koma ta zauna. Na yi ta zuba ido in ga wanda zai zo ya fita da ita, ba wanda ya zo.

Sai na tuna ranar da muka tashi muka ga jan fentin rusau a bangon gidanmu na Nakkasa. Kina aji uku. Muka kwashe kaya ba mu ce uffan ba, don ba a tambaye mu ba, mu ma ba mu zaci za a tambaye mu ba. Ga ki a ƙasar da ba ta san kakanki ba, shekara ɗaya da zuwanki an ce zo ki faɗi yadda kike so ta kasance. Na janye maganata. Je ki jefa. Ke ce ta farko a gidanmu da za ta taɓa yin haka.

Sai dai akwai abin da ke cina, kuma ba zan ɓoye miki ba. Kin ce masu son a raba sun yi alkawarin barin ɗalibai baƙi su zauna su yi aiki bayan karatu, in kuwa ba a raba ba bizarki za ta ƙare a Janairu. Tun da na karanta wannan layi, duk ɗawafin da na yi roƙona ɗaya ne, Allah ya sa kada a raba. Na san a nan ba abin da ke jiran injiniyar mai irinki sai zama a ƙarƙashin iƙamata. Na sani sarai. Amma ɗakinki na nan yadda kika bar shi, kuma ni tsufa ya fara taɓa ni.

Ki riƙa rufe ƙirjinki. Yayarki Nora da yaranta suna gaisuwa.

Naki,
Baba

Hindawiyya, Makka
26 ga Satumba, 2014

Zuwa ga Jawahir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maƙwabtanki. Mu nan sai godiya, aikin Hajji ya ɗauke mu gaba ɗaya.

Mun ji sakamako, hamsin da biyar cikin ɗari sun ce a zauna, arba'in da biyar sun ce a raba, gari ya waye kowa ya tafi wurin aikinsa. Shekaranjiya wasu alhazai biyu daga Glasgow suka shigo shago, wa da ƙane, Hamad na yi mana tafinta. Wan ya zaɓi a zauna don yana tsoron abin da zai sami kantinsa, ƙanen ya zaɓi a raba, kuma ya ce bai haƙura ba, 'ya'yansa za su sake tayar da maganar. Suna ta musu a gabana, wan na gwada wa ƙanen takalmi yana duba ko zai matse shi a hanyar Mina. Ban karɓi kuɗin takalmin ba.

Roƙona ya karɓu, to amma ban ji daɗin da na zata ba. Jiya mahaifiyarki ta kasa riƙe maganar, ta gaya mini abin da kika ce kada ta faɗa. Ashe wata biyu kina yawo da alamar masu son a raba a jikin jakarki, amma da kika shiga rumfar zaɓe sai wasiƙata ta faɗo miki a rai, kika zaɓi a zauna. Na san za ki ce tazarar ta kusa dubu ɗari huɗu, taki ɗaya ba ta sauya komai ba. Ni ta sauya mini. Ƙuri'a ɗaya tak ta taɓa shigowa gidanmu, ni na sa hannu na karɓe ta da kukan tsufa. Na ji kunya, Jawahir, ki yafe mini.

Kada ki yanki tikiti tukuna. Kin ce akwai kamfanonin da kan ɗauki mutum su nema masa takardar zama, ki buga kowace ƙofa daga nan zuwa Janairu, ni kuma zan sauya addu'a. Mutanen da ba su haife ki ba sun tambaye ki abin da kike so. Ni da na haife ki, shekara ashirin da huɗu ban taɓa tambaya ba. Yau ina tambaya: ina kike so ki zauna? Ki amsa da Larabci in ya fi miki sauƙi, kuma kada ki duba fuskata.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Mukhtaru Zali