Da Teburin Mahaifina Na Sassaƙa Jitata

Malam, don Allah ka raba ni da wata rigima kafin Asabar. Ni kafinta ne, ina kuma kaɗa jita mai lantarki a wata ƙungiyar mawaƙa. Bara gangar jikin jitar ta tsage, sai na yanki katakon teburin aikin marigayi mahaifina na sassaƙa mata sabon jiki, na mayar da wuyanta da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti. Har tabon gudumarsa na bari a bayanta.

Wata uku shugabanmu yana yaba sautinta. Ranar da makaɗin gangarmu ya yi suɓutar baki ya faɗi asalin katakon, ranar kunnen shugaba ya buɗe! Wai yanzu kukanta kamar ana buga ƙofa. Ya ce ko in zo da ta kamfani ranar Asabar da za mu ɗauki waƙa, ko in yi zamana a gida. Ni kuwa wallahi ba zan rataya ta kamfani a kafaɗata ba, in korar ce ya kore ni. Lantarki ke magana, ina ruwan katako? Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba: in yatsuna suka gangara kusa da jikinta, sautin yakan ɗan karkace. Kauce wa wurin nake yi.

Kafinta mai taurin kai

Kafinta, lallai ka ci sunanka. Makaɗa sun daɗe suna musu kan katako, amma a jitar lantarki maganaɗisu, tsirkiya da lasifika su ne manya, rabon katako kaɗan ne. A nan ka fi shugabanka gaskiya.

Sai dai ƙira ba katako kaɗai ba ce. Karkacewar da kake ɓoyewa, ina zargin jakin da tsirkiyoyi ke hawa ne ka dasa ba daidai ba. Auna daga farkon tsirkiya a saman wuya zuwa ƙarfe na sha biyu cikin ƙarafan da ke jere a wuyan; daga nan zuwa jaki tsawon kusan ɗaya ya kamata ya zama. Ka gyara. Sannan ka aro ta kamfani, ka roƙi shugaban ya juya baya, ka kaɗa taka da ta aron, ya zaɓi wadda ta fi. In ya zaɓi taka, magana ta ƙare. In ya zaɓi ta aro, ka ɗauki waƙar da ita, taka ba ta ragu da komai ba.

Riƙe jitarka. Amma ka faɗa masa da bakinka cewa akwai kuskuren awo, kuma naka ne. Na san wannan ya fi sassaƙa wuya. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya bar ka da abokan kiɗanka.