Abin da Kika Zuba a Miyar Ummi

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki kamar yadda na saba, ko da yake na san babu mai amsawa. Wannan takarda ba za ki karanta ta ba. Ko kina raye ma ba karantawar za ki yi ba, miƙo min za ki yi ki ce in karanta miki, tunda ni aka kai boko. Wata huɗu ke nan da aka kai ki makwancinki, sai a wannan makon na samu maganar da ta ƙi haɗiyuwa.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Baba yana nan lafiya, sai dai ya rage cin tuwo, wai na kowa ba ya yi masa daɗi. An yanke gero, ya yi kyau bana, dawar gonar bakin hanya ce ba ta yi abin kirki ba. Jar akuyarki ta haifi biyu. Har yanzu matan unguwa sukan leƙo da kwano neman awara, sai sun ga murhu babu wuta su tuna. Ummi ta shiga aji biyu, haƙoranta na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ka ce ke. Iyakar labarin da zan iya ba ki da sanyin rai ke nan.

Inna, ƙanwarki Iya Lami ta gaya min abin da kike zubawa a miyar Ummi.

Kin tuna lokacin da na kawo miki ita yaye? Kika dama mata fura da nono, kafin la'asar jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, idanunta suka kumbura. Tare muka je asibiti a birni. Kina zaune a gefena likita ya ce jinin yarinyar nan bai haɗu da nonon saniya ba, kada a ba ta nono, kada a ba ta kindirmo, ko man shanu, ko cuku, ko madarar gwangwani. Ya ce ba wasa ba ne, yana iya toshe mata numfashi. Da kunnenki kika ji, har kina gyaɗa kai kina yi masa godiya.

Haka ta taso, yara suna shan fura tana kallon bakinsu. A zuba wa kowa man shanu a taliya, ita a ba ta gaya da yaji. Ba ta da rigima, sai dai ta koma gefe ta zauna, wannan zaman kuwa ya fi kuka ci min rai. Tana da shekara huɗu na ga wasu mata a waya, irin waɗanda ba sa cin komai da ya fito daga jikin dabba, suna haɗa wata miya mai kauri, ruwan ɗorawa, kamar narkakken cuku, amma babu ɗigon nono a ciki. Na nuna miki. Kika taɓe baki kika ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Kayan haɗinsu ma ko sunansu ba mu taɓa ji ba, balle a same su a kasuwar Gezawa. Amma washegari na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar kin jiƙa waken suya, kina cewa in dai wannan ce miyar, abin da ke cikin rumbunki ya isa.

A gabana kika yi ta. Aka kai waken inji, kika tace, kika ɗora ruwan a wuta, kika zuba ruwan tsami ya dunƙule. Ba ki matse shi kamar awarar sayarwa ba, da laushinsa kika kwashe. Kika dafa kabewa da ɗan dankali, kika soya gyaɗa sama-sama, kika murje ɓawon, kika daka har ta fara tsattsafo da mai. Kika haɗa su duka a turmi kika kirɓa, sannan kika mayar tukunya da albasa da tafarnuwa da gishiri da ɗan ƙanƙanin daddawa, kina burgawa da maburgi har ta yi santsi. Da kika sauke, kika aike ni bayan gida in tsinko lemon tsami. Muka zuba wa Ummi a kan taliya 'yar murji, ta cinye ta suɗe kwanon, har da gefen hannunta. Ranar na yi kukan daɗi. Duk wanda na gani sai na ba shi labarin uwata mai hikima, malaman makarantarmu har sun gaji da ji.

Ranar Juma'a kike yin ta, saboda da yamma muke tafiya Zakirai gidan surukata Hajiya, mahaifiyar Malam, mu kwana biyu. Sai ki cika mana ƙaramar langa ki ɗaure da ƙyalle, ki ce kada takwararki ta je ta zauna tana haɗiyar yawu a gidan da nono ba ya yankewa. Gaskiya ne kuwa, a zauren Hajiya matan Fulani suke sauke ƙwaryarsu ranar kasuwa. Duk Asabar sai Ummi ta tashi da ƙuraje tana susa. Wani makon amai, wani makon gudawa. Wa zan zarga? Gida ɗaya nake ganin nono a ciki. Na sa Malam ya yi wa Hajiya magana cikin ladabi, ta ce ko ludayin furarta ba ta bari yarinyar ta taɓa. Ban yarda ba.

Sai ranar nan da azahar, muna Zakirai. Ummi ta gama cin dambu da miyarki, ba a jima ba leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma kamar ana busa usur. Malam ya ja babur, ni ina baya na rungume ta, ina kiran sunanta tana lumshe ido. Ban san sau nawa na karanta abin da ya zo bakina ba kafin mu isa asibiti. Allah ya sa da sauran kwananta. Likita ya tambaye ni me ta ci, na ce dambu ne da miyarta kawai, wadda babu nono a ciki, uwata ce ta haɗa da hannunta. Ya ce to lallai wani ya ba ta nono.

Kin san abin da na yi bayan nan, domin ni na ba ki labari. Na koma Zakirai na tsaya a tsakar gidan surukata, matar da ko ido ba na iya haɗawa da ita, na ce taurin kanta ya kusa kashe min 'ya. A gaban maƙwabta na faɗa, suna leƙe ta katanga. Ta ce a ba ta buta ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani. Na ce ta riƙe rantsuwarta, ba na buƙata. Tsohuwar nan ta zauna a kan turmi tana kuka kamar yarinya, ni kuwa na saɓa 'yata na fita ko waiwaye ban yi ba.

Da na zo miki da labarin kina tsince waken suya a faifai. Ba ki ɗago kai ba. Kika ce in yi haƙuri, Allah ya tsare gaba. Shi ke nan abin da kika ce, Inna. A makon nan kika ce kafaɗarki ta matsa miki, ba za ki ƙara iya kirɓa miyar Ummi ba. Amma awarar sayarwa ba ki fasa ba ko rana ɗaya, kina ɗaga tukunya kina matse buhu da wannan kafaɗar. Ina hankalina ya tafi da ban lura ba? Ummi ta daina zuwa Zakirai, ta daina cin miyar, fatarta ta yi sumul. Ni kuma na ce ga shaida nan, na kama mai laifi.

Shekara biyu yarinyar nan ba ta taka gidan kakarta ba. Malam shi kaɗai yake zuwa, har ranar Sallah. Ya dawo da rigar da Hajiya ta ɗinka mata, in karɓa in jefa ƙasan akwati. Ya dawo da ƙuli-ƙuli, in raba wa yaran maƙwabta. Bai taɓa ɗaga min murya ba, amma hirar da muke yi a da ta mutu. Duk kina gani. Kina zuwa gidana ki ci ki sha, ki goya Ummi, ki koma. Da kika rasu Hajiya ta zo ta yi zaman makoki na kwana uku, tana jan carbi tana nema miki rahama. Ummi ta zo wucewa ta gabanta, ta miƙa hannu za ta kamo ta, sai ta dube ni ta mayar da hannun cikin mayafi.

Ummi ce ta tono maganar ba da saninta ba. Ta ce tana marmarin miyar Inna. Sau uku ina gwadawa, komai na sa yadda na gani, tana cewa ba irin taki ba ce. Ranar Litinin Iya Lami ta shigo ta tarar ina burgawa, ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta kwashe da dariya. Ta ce ai na manta da sirrin. Wai in kin sauke tukunya, cokalin kindirmo kike zubawa. Wai da bakin cokali kika fara, duk mako kina ƙarawa. Wai kin ce mata babu jinin gidanku da nono zai gagara, ciki koya masa ake yi kaɗan-kaɗan kamar yadda ake koya wa yaro cin yaji, kuma wa zai auri macen da ba ta iya shan fura? Da alfahari take faɗa, a zatonta na sani, a zatonta ke kika warkar da yarinyar. Maburgin ya faɗi daga hannuna. Nan take na tuna ba ki taɓa sauke tukunyar nan ba sai kin aike ni tsinko lemon tsami.

Ni kike aika, Inna. Ni da na haife ta.

Cokalin nan, in na matsa wa zuciyata, ina iya gane shi. Son yarinyar ne ya kai ki, haka kika ga iyayenki suna yi, kuma ba ki taɓa yarda cewa likita ya fi ki sanin cikin jikarki ba. Amma shirun fa? Ranar da aka kai ta asibiti kin gane, shi ya sa kika daina. Kin san Hajiya ba ta da laifi, kika bar ni na ci mutuncinta, kika bar ni na raba ta da jikarta, kika bar aurena yana tangal-tangal, don kada a ce ke ce. Kunyar wa kike ji? Tawa? Da kin kira ni ɗaki kin faɗa min, zan yi fushi, in yi kuka, in kwana biyu ban zo gaishe ki ba, sannan in dawo. Ina zan je? Ke ce uwata.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kwanakin jinyarki. Ina zaune a bakin gadonki ina ba ki kunu, kika kama hannuna kika ce in yafe miki duk abin da kika yi min. Na ce ba ki yi min komai ba, na yafe duniya da lahira. Kika daɗe kina kallona, leɓɓanki suna motsi, sannan kika juya fuska bango. Ashe wannan ce? Kin karɓi yafiyata a rufe, ban san abin da nake yafewa ba. Yanzu ban san ko tana nan ko babu ba, kuma babu malamin da zan iya tambaya ba tare da na tona ki ba.

Jiya na gaya wa Malam. Ya ce Allah ya jiƙan Inna, ya sa takalminsa ya fita. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Baba bai sani ba tukuna. Iya Lami kuwa tun da ta gane abin da bakinta ya jawo take sintiri a gidana tana kuka, wai in rufa wa mamaciya asiri. Shi ma Malam ya ce in je in ba Hajiya haƙuri kawai, ba sai na kama suna ba. Na yi ta juya maganar. Amma a gaban mutane na ɓata ta, har yau a unguwarsu ana nuna ta a ce ga wadda ta kusa kashe jikarta. In na ce ba ita ba ce, za a ce to wace ce? In na yi shiru a nan, na zama ke.

Miyar dai na ci gaba da yi, da wake da kabewa da gyaɗa kawai. Na ƙara mata ruwan tsami da lemo, Ummi ta ce ta kusa kamo taki. Ta cinye, ta kwana lafiya ta tashi lafiya. Ashe tun farko ba ta buƙatar komai daga wurin saniya.

Ranar Juma'a za mu tafi Zakirai, mu uku. Zan durƙusa a tsakar gidan nan, in sa a kira maƙwabtan da suka ji na farko su ji na biyu. Zan faɗi gaskiya da sunanki a ciki, ki yi haƙuri, ni ma haƙurin nake yi. Ina yi miki addu'a bayan kowace salla, bakina bai taɓa fashi ba, zuciyar ce take ja da baya. Nawa haƙƙin zan ji da shi a hankali. Na Hajiya kuwa ba ni da ikon yafe shi, ke kuma ba ki da ƙafar zuwa nema. Don haka ni zan roƙa mana mu biyu, ni da abin da na faɗa, ke da abin da kika ƙi faɗa. Ban san amsar da za ta ba ni a kanki ba, kuma ba zan matsa mata ba.

Allah ya sa ta fi mu zuciya mai kyau. Allah ya haskaka kabarinki. Ki huta, Inna.

'Yarki ta fari,
Saude